Tafkin Calawa na Ƙasar Karaye: Mazauninsa da Tarihin Sunansa

Tafkin Calawa yana ƙasar Karaye, kimanin kilomita 90 kudu maso yamma da birnin Kano, bakin ruwansa kuwa ya miƙa har cikin ƙasar Rogo. Hannun ɗan Adam ne ya yi shi. An datse Kogin Calawa ne a inda ya ratsa tsakanin tuddai, aka gama ginin a 1992, tsayinsa mita 42, tsawonsa kusan kilomita 8. Daga nan kogin yakan gangara gabas, ya gamu da Kogin Kano wanda aka datse a Tiga tun 1974, su zama Kogin Haɗeja, su bi ta fadamun Haɗeja da Nguru zuwa Yobe.

Tafkin sabo ne, amma ƙasar da ya kwanta a kanta tsohuwa ce. Tarihin Kano, wanda Palmer ya buga da Turanci a 1908, ya ambaci Karaye cikin yaƙe-yaƙen Kanawa da Katsinawa, ya kuma nuna a can ne Sarkin Kano Muhammadu Zaki ya rasu. Watau wannan yanki shi ne garkuwar Kano ta yamma. Duk da haka ba a kira tafkin da sunan Karaye ba. An ba shi sunan kogin da ya haife shi.

Sunan nan yana da kashi biyu a takardun hukuma, Challawa Gorge. Kashi na farko Hausa ne sanye da rigar rubutun Turawan farko. A zamanin da aka shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa zuwa Kano, a 1911, da "ch" ake rubuta sautin nan, haka ma yake a ƙamus na Bargery na 1934. Ƙamus na Abraham na 1949 kuwa "c" ya yi amfani da ita, kamar yadda ƙa'idar boko ta tsaya. Taswira da takardun ofis suka riƙe tsohon rubutu, har ya wuce kan ma'aikatar ruwa ta Kano da unguwar masana'antu, sa'an nan ya komo kan tafkin. Ƙarshen sunan, watau -awa, ya yi kama da na Tamburawa da Kanawa, wanda a Hausa yakan nuna jama'a ko mazauninsu. Kashi na biyu kuwa Turanci ne zalla, ma'anarsa kwazazzabo, an liƙa shi ne don bayyana siffar wurin.

Abin lura shi ne, suna ɗaya ya rufe sunaye da yawa. Kowace fadama da kowane mashigi da kowace gona da ruwa ya ci suna da sunan da dattawa suka san su da shi, ba kuwa a taswira yake ba. Waɗanda suka noma wurin kafin 1992 suna ta tsufa. Ya kamata malaman makarantun horon malamai su aika ɗalibansu ƙauyukan Karaye da Rogo, su rubuta sunayen nan daga bakin masu su, da karin sauti da tsawon wasali, tun suna da rai.