Santolo, birnin kan dutse da ya gagari sarakunan Kano

Tun da aka kafa masarautar Karaye a 2019, aka rushe ta a watan Mayun 2024, aka kuma dawo da ita da daraja ta biyu da ƙananan hukumomin Karaye da Rogo, hirar tarihi ta yawaita a majalisun yammacin Kano. Wani mai karatu daga Rogo ya aiko yana tambaya: shin an taɓa samun garin da ya yi kafaɗa da kafaɗa da birnin Kano, ya ƙi bin sarkinta? Da ƙarfin Karaye kawai ya tambaya, da sai in tuna masa Wambai Giwa, wanda ya zauna a can zamanin Sarki Muhammadu Nazaki (1618 zuwa 1623) yana karawa da Katsinawa, har fada ta tsorata da dawakinsa aka tuɓe shi a zamanin Kutumbi. To amma Wambai bara ne na sarki. Garin da ya ƙi Kano ƙiri-ƙiri shi ne Santolo, a kudu da birni, cikin ƙasar Dawakin Kudu ta yau.

Littafin Tarihin Kano, wanda aka rubuta da Larabci a ƙarshen ƙarni na 19, Bature Palmer ya fassara shi zuwa Turanci a 1908, bai ɓoye girman Santolo ba. Ya nuna Sarki Gijimasu, wanda ya fara gina ganuwar Kano, ya mallaki ƙasa har iyakar Rano da Gano, amma mutanen Santolo suka gagare shi saboda yawansu. Sarki Naguji ya kai musu yaƙi, ya daɗe a sansani, ya dawo ba nasara. Wanda ya san yadda ake yaƙi a wancan zamani ba zai yi mamaki ba. Gari ne da ya jingina da dutse, ga ganuwa, ga gwalalo. Mai kai hari yana ƙasa cikin rana, mai gari yana sama yana hango ƙurarsa tun daga nesa, mata da yara da hatsi an riga an haura da su. Fiye da shekara 200 ana wannan zaman doya da manja.

Sai zamanin Sarki Yaji (1349 zuwa 1385). A nan labarin ya yi daɗi, a nan kuma gardama take. Tarihin Kano ya ce Wangarawa kimanin 40 suka zo daga Mali ƙarƙashin Abdurrahman Zaite, suka kira Yaji zuwa ga salla, ya amsa, aka naɗa liman da ladan da alƙali, aka gina masallaci. Daga nan Yaji ya roƙe su addu'a a kan Santolo, don a ganinsa wanda ya riƙe ta ya buɗe wa kansa hanyar kudu gaba ɗaya. Suka bi rundunar, suka yi addu'a a bakin gwalalo, gari ya faɗi. Aka kashe maza, aka bar mata da ƙananan yara. A wurin tsafin garin aka sami ƙararrawa da ƙaho biyu da gatarin yaƙi da mari, aka kwaso aka kai wa sarki. Waɗannan kaya huɗu sun cancanci a tsaya a kansu. Uku daga ciki aikin maƙera ne, kuma duka kayan mulki ne: na kiran jama'a, na yaƙi, na ɗaure mai laifi ko bawa. Wurin da ake ajiye irinsu fada ce mai iko, ba ƙauyen Maguzawa kawai ba.

Matsalar ita ce akwai wani rubutu da ya girmi Tarihin Kano da fiye da shekara 200. Shi ne Asalin Wangarawa, wanda aka rubuta wajen 1650, Muhammad Al-Hajj ya fito da shi a mujallar Kano Studies a 1968. Wannan ya ce Zaite ya bar Mali a shekara ta 835 ta Hijira, wato wajen 1432, kuma ya iso Kano a zamanin Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), zamanin da Shehu Magili ya zo. In haka ne, Zaite bai taɓa ganin Yaji ba, balle ya tsaya a gwalalon Santolo.

Ni na fi karkata ga Asalin Wangarawa. Labarin gidansu ne, ya fi kusa da zamanin, kuma ya kawo shekara. Wannan bai hana a ce fataken Wangarawa Musulmi sun riga Zaite zuwa, har wasu sun yi wa Yaji addu'a ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a mayar da yaƙin Santolo jihadi zalla. Kananeji ɗan Yaji, da yaƙin Zazzau ya yi masa wuya, wurin masu tsafi ya koma neman sa'a, kuma Tarihin Kano ɗin ne ya faɗa. Rigimar Kano da Santolo ta iko ce da hanyar fatauci. Shaida kuwa, da Santolo ta faɗi, sai ga mayaƙan Yaji a Warji, sai ga su a ƙasar Kwararrafa.

Bayan haka Santolo ta fita daga sahun manyan garuruwa. Sarakunan Haɓe suka wuce, Fulani suka karɓi Kano a farkon ƙarni na 19, Turawa suka shigo a 1903, ba wanda ya sake tayar da ita. Masanin tarihi Murray Last ne ya dawo da ita bakin masana a 1979, da ya yi rubutu kan matsugunan da suka kewaye duwatsun Santolo da Fangwai, yana nuna cewa a can ma an yi cibiyar jama'a da ta yi gogayya da ta Dala.

Dutsen yana nan, sunan ma yana nan a kan ƙauyen. Ganuwar ƙasa kuwa damina ce ajalinta, abin da ruwa ya rage garma ta ƙarasa. Abin da ke iya raba gardama yana binne: katangar tukwane, kashin maƙera, gawayin da ake auna shekarunsa, kamar yadda awon gawayi ya nuna ana narka ƙarfe a Dala tun wajen ƙarni na 7. Ya kamata Jami'ar Bayero da Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa su shata iyakar wurin, su yi haƙa a tsanake, a kai abin da aka samu Gidan Makama, tun kafin gonaki da gine-gine su rufe ragowar.