Daga a-kori-kura zuwa Hilux: kalmomin da ke yanke farashin mota a Jimeta

Kafin a kira kuɗi, suna ake fara kira. Mutumin da ya shiga wurin masu sayar da motoci a Jimeta ya ce yana neman a-kori-kura, da wanda ya ce Hilux yake so, wataƙila buƙatarsu ɗaya ce: mota mai buɗaɗɗen baya da za ta kwaso buhunan masara daga Ganye ko ta kai siminti Fufore. Amma dillali ba zai yi musu kallo ɗaya ba. Na farko a idonsa manomi ne ko ɗan kasuwa mai ƙirga kwabo. Na biyu kuwa ɗan kwangila ne ko wakilin wata ma'aikata, kuma tun daga nan farashi ya fara hawa. Jimeta na ce, domin ko da yake sunan Yola ake rubutawa a takarda, garin da Modibbo Adama ya kafa a 1841 na fadar Lamiɗo ne. Ciniki da garejin makanikai da ofisoshin gwamnati sun fi yawa a Jimeta, bakin kogin Binuwai.

Sunan a-kori-kura ya sha fassara. Wasu na ɗauka ƙura ake nufi, wato wadda motar ke tayarwa a hanyar burji. Amma a bakin mutane kura ake ji, ba ƙura ba, kuma kura a kasuwa ita ce amalanken nan da ƙarti ke turawa da kaya. Bayanin da ya fi kwanta mini shi ne: ƙaramar motar kaya ta zo ta ƙwace wa masu turin kura aikinsu, sai aka laƙaba mata sunan abin da ta yi. Wadda ta fi cin wannan suna ita ce Fijo, 404 sannan 504, musamman bayan kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kaduna a 1975. Har yau dattijo in ya ce a-kori-kura, ita yake gani, da rumfar tamfol a bayanta da fasinjoji zaune a kan buhuna.

Hilux kuwa sunan ƙirar Toyota ne tun 1968, amma a nan ya haɗiye sauran. Za ka ji an kira L200 ta Mitsubishi da Hilux, haka ma ta Innoson da ake haɗawa a Nnewi. Wannan haɗiyar tana da tsada. Gwamnati na sayen Hilux, jami'an tsaro na saye, ƙungiyoyin agaji da suka cika Arewa maso Gabas saboda rikicin Boko Haram su ma na saye, ga 'yan siyasa in zaɓe ya ƙarato. Duk waɗannan ba su cika jan ciniki ba. Saboda haka wanda zai biya daga aljihunsa ya fara tambayar kansa ko sunan yake so ko aikin, sannan ya faɗi ainihin abin da yake nema: mai ƙofa biyu ko mai huɗu, mai fetur ko mai gas (gas a bakin direbobinmu dizal ne, ba na girki ba), mai giyar ƙarfi ta ja da ƙafa huɗu ko marar ita. Wanda zai shiga hanyar Toungo da damina yana buƙatar wannan giya. Wanda iyakarsa kasuwar Jimeta zuwa Girei, kuɗinsa kawai zai zubar.

Kalmar da ta fi kowace cin kuɗin mutane ita ce "sabuwa". Hausa na da sabuwa dal, sabuwa fil, sabuwa gal, duk ma'anarsu ba wanda ya taɓa hawa. A filin motoci kuwa kalmar ta yi faɗi. Akwai wadda take cikin ledarta, kujeru a lulluɓe, ta fito daga hannun wakilin kamfani da takardar garanti. Akwai wadda ba a taɓa hawa ba ɗin, amma ƙirar bara ce ko ta bara waccan, ta daɗe a ajiye. Wannan ya kamata farashinta ya sauko. Akwai wadda aka tuƙo da ƙafarta daga Legas, tafiyar da ta haura kilomita 1,000, maimakon a ɗoro ta a kan tirela. Sannan ga mai haɗarin: tsohuwar ƙira da aka sauya wa fuska, aka sa mata fitilu da bamba na sabon yayi, aka yi mata fenti, aka sake naɗe kujerun da leda. Leda ba ta da tsada. Ka durƙusa ka leƙa ƙarƙashin motar, ka duba robar da ke kan fedar birki ko ta suɗe, ka karanta lambobi huɗun da ke gefen taya masu nuna mako da shekarar da aka yi ta, ka gwada lambar shasi da abin da ke cikin takarda. Fuska ana sauya ta, shasi ba ya ƙarya sai an yi masa aika-aika.

Wadda aka hau a waje aka shigo da ita tana da sunaye uku, kuma kowanne tarihin hanya ne. Tokumbo daga Yarbanci yake, sunan da ake sa wa ɗan da aka haifa a ƙetaren teku. Beljiyam daga tashar jiragen ruwan Antwerp, inda aka daɗe ana lodin tsofaffin motocin Turai. 'Yar Kwatano daga tashar Jamhuriyar Benin. Wannan na ƙarshe shi ke buƙatar taka tsantsan, domin tun 1 ga Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin tudu. A jihar da ke maƙwabtaka da Kamaru, inda shingayen kwastan suke a hanya, araha marar takardar duti sahihiya sunanta asara. Wadda aka hau a gida kuwa ta hannu ce, ko da an wanke ta da madara.

Sai ciniki kansa, wanda kalmominsa tsofaffi ne, iri ɗaya da na kasuwar shanu ta Ngurore. Ka taya, a ce maka albarka. Ka ƙara, har a sallama. Dillali zai ce, "Alhaji, jiya aka taya kaza, aka hana." Ba ka da hanyar tabbatar da wannan hanin, don haka kada ka gina tayinka a kansa. Gina shi a kan farashin da ka jiyo a Kano da Abuja da Legas, ka ɗora kuɗin kawowa. Za kuma ka ji "dala ta hau". Gaskiya ne ta hau: kafin a saki naira a Yunin 2023 dala na wajen naira 460 a farashin gwamnati, a Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Tambayar da ta dace ita ce yaushe aka shigo da wannan motar, kuma a dala nawa aka biya dutinta. Kuɗi hannu ma magana ce mai nauyi. Wanda zai biya nan take yana da bakin neman ragi, ko aƙalla gyara, kamar yin lamba da juyen mai na farko.

Dillali da la'ada duk daga Larabci muka aro su, kuma asalin la'ada shi ne al'ada, abin da aka saba. Halak ɗin dillali ce, ba mai ja. Inda ake cuta shi ne in ya karɓi la'ada a wurinka, ya karɓi kamasho a wurin mai mota, sannan ya ɗora nasa a kan farashi ba da sanin ɗayanku ba. Maganinsa a yanke la'ada tun farko, kuma ka ji sallama daga bakin mai motar da kunnenka.

Kafin alƙalami kuma, sunansa ya faɗi matsayinsa: kuɗi ne da ke fita kafin a rubuta komai. Mai karatu, in motar miliyoyi za ka saya, kada ka ba da shi sai alƙalamin ya riga shi. A rubuta shekarar ƙira, lambar shasi, lambar inji, wanda zai biya la'ada, da abin da za a yi in kwastan ta ce takardar ba ta inganta ba, shaidu biyu su sa hannu.