Karen Farauta da Karen Rami: Ina Aka Samo Maganar "Nuna Masa Kai Ne Babba"?

A wannan makon za mu taɓa dabbar da ba mu cika sa ta a labaranmu ba sai in za a yi zagi, wato kare.

Abin da ya jawo maganar shi ne irin bidiyoyin da ke yawo a wayoyinmu. Za ka ga saurayi ya sayo ɗan kwikwiyon Turawa mai faɗin kai, irin wanda ake kira pit bull. Kwikwiyon ya yi wa ɗan uwansa gurnani a kan kwanon abinci, sai mai shi ya kayar da shi, ya danne masa wuya a ƙasa, yana cewa dole ya san waye babba tun yanzu. Masu sharhi kuwa sai yabo. Wannan dabara tana da tarihi, kuma ba daga wajen maharbanmu ta fito ba.

Mu a ƙasar Gobir kare ba baƙo ba ne. Daga Sabon Birni zuwa Isa, da ƙauyukan bakin gulbin Rima, da zarar an gama girbi 'yan farauta kan fita da karnukansu, kafin rashin tsaro ya hana mutane shiga daji irin na Gundumi. Malamanmu na Malikiyya sun halatta riƙon kare don farauta da gadin dabbobi da gona. Karen da muka sani siriri ne mai dogayen ƙafafu, ɗan uwan na Buzayen kwarin Azawak, wanda Turawa suka kwasa suka raɗa masa sunan wurin. Abin lura shi ne aikin da aka zaɓe shi dominsa: ya yi gudu tare da wasu karnuka a bayan zomo ko gada. Karen da zai bar nama ya juya kan abokin gudunsa ba shi da amfani ga mafarauci, ba kuma wanda zai zo neman 'ya'yansa.

Shi pit bull zaɓen da aka yi wa kakanninsa daban ne. A Ingila an daɗe ana wasan sakar wa bijimi karnuka su kama shi a hanci, jama'a na caca. Majalisarsu ta haramta wasan a 1835, shekara guda kafin yaƙin Gawakuke na 1836, wanda bayansa Gobirawa suka kafa Tsibiri. Ɓoye bijimi yana da wuya, amma karnuka biyu a ɗaki ba mai ganinsu. Sai 'yan caca suka koma haɗa kare da kare a wani ɗan shinge mai kama da rami, inda sunan ya samo asali. Suka riƙa barbarar karen bijimi da wani ƙaramin kare mai zafin nama, suna ajiye wanda ya kama bai saki ba. Masu ƙaura suka kai irin Amurka, inda aka fara yi masa rajista a 1898. A 1991 Birtaniya ta sa shi cikin karnukan da doka ta hana kiwo da sayarwa.

Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, haka ne, amma gadon yana da iyaka. Wani bincike na Jami'ar Pennsylvania a 2008 ya nuna pit bull yana cikin waɗanda suka fi kai wa wasu karnuka hari, amma wajen kai wa mutane hari wasu ƙananan karnukan gida sun fi shi. Bambancin dai shi in ya ciji, ɓarnar tana da yawa. A 2007 kuma, da aka kama ɗan wasan Amurka Michael Vick da gidan faɗan karnuka, an ƙwato kusan 50, kuma mafi yawansu an bar su da rai, wasu har suka zauna a gidajen mutane lafiya.

To ina batun "babba"? A 1947 wani masani, Rudolf Schenkel, ya wallafa abin da ya gani a gidan namun dajin Basel a Suwizalan. Kyarketai ne (haka muke kiransu don rashin wata kalma, ko da yake kyarkecinmu na Afirka wata dabba ce daban) da aka tattaro daga wurare daban-daban aka kulle a keji guda. Suka yi ta faɗa har ɗaya ya danne sauran. David Mech ya yaɗa wannan a littafinsa na 1970, masu horar da karnuka suka ɗauka, har wani littafin horo na 1978 ya koyar da kayar da kare a danne shi. Daga baya Mech ya shafe bazara 13 yana kallon kyarketai a dajinsu a tsibirin Ellesmere na Kanada. A 1999 ya rubuta cewa garken iyali ne kawai, uwa da uba da 'ya'ya, kuma iyayen ba da faɗa suke samun jagoranci ba. Ya yi shekaru yana roƙon a daina buga tsohon littafinsa. Mu marubuta ya kamata wannan ya tsaya mana a rai: mutum yana bin littafinsa da gudu, littafin ya fi shi sauri.

Kamar a ce baƙo ya kwana uku a gidan yari, ya koma ƙasarsu ya rubuta cewa haka Gobirawa ke zama da iyalansu.

Abin da ya fi amfani ga mai kwikwiyo ya fito ne daga aikin John Paul Scott da John Fuller, da suka wallafa a 1965 bayan shekaru suna kiwon karnuka don bincike a jihar Maine. Sun gano cewa tsakanin mako 3 zuwa 12 ne kwikwiyo ke koyon wa zai saba da shi. A lokacin ne yake gane ƙarfin cizonsa: ya ciji ɗan uwansa, wancan ya yi ƙara, wasa ya tsaya. Mafarautanmu ba su karanta wannan ba, amma kwikwiyonsu yana tasowa ne cikin manyan karnuka da awaki da yara. Yawancin gurnanin ɗan wata biyu wasa ne, ko tsoro, ko kishin abinci. In aka danne shi, abin da ya koya shi ne hannun mutum abin tsoro ne. Shi kuwa faɗan gado da sauran karnuka sau da yawa ba ya bayyana sai kare ya shekara ɗaya zuwa uku, lokacin da mai shi ya riga ya saki jiki.

Mun san dalilin da zai sa mutumin Isa ko Sabon Birni ya so kare mai ban tsoro a ƙofar gida, kuma ba za mu yi masa dariya ba. Amma karen da aka raba da uwarsa tun yana mako huɗu, aka ɗaure a ɗakin duhu don ya yi zafi, ba ya hana mai bindiga shigowa. Wanda zai fara haɗuwa da shi ranar da sarƙa ta tsinke, almajiri ne mai bara ko yarinya mai tallan fura. In kuma ba a yi masa allurar ciwon haukan kare ba, sai an yi gaggawar wanke ciwon da sabulu na minti 15 a tafi asibiti, domin cutar in ta bayyana a jikin mutum kusan ba mai tashi.