Dalmar Riruwai da Sulen Azurfa

Tun kafin zuwan Turawa, mutanen Riruwai, cikin ƙasar Doguwa ta yanzu, sun iya narkar da kuza su fid da dalma. Fatake ke kai ta birni, har Bature Clapperton ya tarar da ita a kasuwar Kano cikin 1824. Da ita ake shafe tagulla ta yi fari fat, sai ka rantse azurfa ce.

Ita kuwa azurfar gaske baƙuwa ce. Maƙeran fari kan narka liyari, kuɗin Ostiriya mai tambarin 1780, daga baya kuma sulen Turawa na 1913, su ƙera mundaye da zobba. A 1920 aka koma buga sulen da tagulla, wannan hanya ta toshe.

To, me ya sa iyayenmu mata ke tsananta bincike kafin saye? Domin munduwa asusu ce. Zallar azurfa ko ta dushe, toka da lemun tsami sun isa su farfaɗo da ita, ranar yunwa kuma a auna ta a saya. Mai shafe kuwa ba ta son guga. In farin ya koɗe, tagulla ta bayyana, asusun ya tashi a banza.