Abu Zaid Al-Balkhi Da Ciwon Da Ido Ba Ya Gani

  

A gidajenmu, idan yaro ya kwanta da zazzaɓi babu mai tuhumar imaninsa, magani ake nema masa. Amma idan maijego ta kasa barci, ta daina cin abinci, tana kuka ba ta san dalili ba, ko kuma saurayi ya kulle kansa a ɗaki wata da watanni ba ya son ganin kowa, to hukunci biyu ne ke jiransu: ko a ce ƙarancin tawakkali ne, ko a ce iska ce. Wanda kuwa ya yi ƙarfin halin cewa a kai su ga likitan ƙwaƙwalwa, sai a ce ya kwaso tunanin Turawa. Wannan magana ta ƙarshe ita nake so mu ɗora a kan ma'aunin tarihi, domin akwai wani malami Musulmi da ya yi rubutu a kan wannan ciwo fiye da shekara 1,000 da suka wuce, kuma matasanmu da yawa ko sunansa ba su taɓa ji ba.

Sunansa Abu Zaid Ahmad bin Sahl Al-Balkhi. An haife shi wajen shekara ta 235 bayan Hijira a wani ƙauye kusa da birnin Balkh, cikin ƙasar Afganistan ta yau, ya kuma rasu a shekara ta 322, wato 934 Miladiyya. Yana saurayi ya tafi Iraƙi neman ilimi, ya yi karatu a wurin shahararren masanin nan Al-Kindi, sannan ya koma gida. Abin da ya fi shahara da shi a wurin magabata shi ne labarin ƙasa da zanen taswira. Littafin da ya shafe mu kuwa, Masalihul Abdan wal Anfus, wato abubuwan da ke gyara jikkuna da rayuka, kashi biyu ne: na farko a kan lafiyar jiki, na biyu mai babi 8 a kan lafiyar rai.

Tun a farkon kashi na biyu ya yi ƙorafin cewa likitocin zamaninsa sun mayar da hankali ga jiki sun bar rai, alhali su biyun a sarƙe suke, idan ɗaya ya kamu ɗayan ba ya tsira. Ya kuma lura da wani abu da kowa zai iya gwadawa a kansa: mutum yakan daɗe bai yi ciwon jiki ba, amma da wuya ya wuni bai haɗu da abin da zai ɓata masa rai ko ya tsorata shi ba. Daga nan sai ya kasa cututtukan rai gida huɗu: fushi, da tsoro wanda kan kai ga firgici, da baƙin ciki wanda kan kai ga karaya, da kuma waswasi.

Bayaninsa a kan baƙin ciki ne ya fi kama ni. Ya ce iri biyu ne. Akwai wanda an san dalilinsa, kamar mutuwar masoyi ko asarar dukiya. Wannan maganinsa magana ce, a zauna da mutum a taimake shi ya sake duban musibar, ya auna abin da ya rasa da abin da ya rage masa, ya tuna cewa zafin musiba a farkonta yake, kullum kuma raguwa yake yi. Akwai kuma wanda ke sauko wa mutum haka kawai ba dalili, ya kashe masa jiki, ya raba shi da jin daɗin komai. Wannan, in ji shi, tushensa a jiki yake, don haka jiki za a yi wa magani, a haɗa da hira mai daɗi da abin da zai faranta rai. Gaskiya ne ya danganta abin ga gurɓatar jini, bisa fahimtar likitancin wancan zamani wadda yau an wuce ta. To amma mai karatu ya dubi abin da ya gano: akwai ƙuncin da wa'azi kaɗai ba ya ɗauke shi, kuma mai fama da shi bai yi laifin komai ba. Malami ne mai wannan magana, wanda ya yi rubuce-rubuce a kan Alƙur'ani, ba wani baƙo ga addini ba.

A kan tsoro ya kawo misalin baƙauyen da bai taɓa ganin hazo ba, ya hango shi daga nesa ya zaci wani abu ne mai ƙarfi da ba ya ratsuwa, sai da ya shiga ciki ya tarar iska ce yake shaƙa. Ya ce yawancin abin da muke tsoro haka yake, kuma sabo yana rage tsoro, shi ya sa mayaƙi da likita ba sa razana da ganin jini kamar sauran mutane. A kan waswasi kuwa ya ambaci cewa ana danganta shi ga yanayin jiki, ana kuma danganta shi ga Shaiɗan, amma bai tsaya jayayya a nan ba, ya wuce ga abin da zai amfani mara lafiya: ya guji kaɗaici, ya guji zaman banza, ya sami amini mai gaskiya da zai riƙa faɗa wa abin da ke yawo a zuciyarsa. Da a ce masu cacar baki a tsakaninmu kan ko aljani ne ko ciwo ne za su ari wannan hali, da an rage wa iyalai wahala mai yawa.

Sai kuma batun da ya fi kusa da aikin masu ba da shawara na yau. Al-Balkhi ya ce magani biyu ne, na ciki da na waje. Na ciki shi ne mutum ya tanadi kyawawan tunani tun yana cikin natsuwa, kamar yadda ake ajiye magani a gida saboda ciwon da ka iya tasowa cikin dare. Na waje shi ne nasihar wani, kuma ya kawo dalili biyu da suka sa ba a wadatuwa daga gare ta: mutum ya fi karɓar magana daga bakin wani fiye da daga kansa, sannan wanda ke cikin tashin hankali tunaninsa ya riga ya shagala, kamar likitan da ciwo ya kayar, dole sai wani likitan ya duba shi. Har ya shawarci masu mulki da su ajiye wani mai hankali kusa da su, su ba shi izinin yi musu magana idan fushi ya taso.

Wannan tunani bai fito daga sarari ba. Musulmi sun karanta labarin Annabi Yaƙubu (AS) wanda idanunsa suka yi fari saboda baƙin cikin rabuwa da ɗansa, kuma ba wanda ya ce imaninsa ya ragu. Malaman sira sun kira shekarar da Nana Khadija (RA) da Abu Ɗalib suka rasu shekarar baƙin ciki. Da labarin shahadar Ja'afar bin Abi Ɗalib (RA) ya iso daga Mu'uta a shekara ta 8 bayan Hijira, Manzon Allah (SAW) ya yi umarni a dafa wa iyalinsa abinci saboda abin da ya same su ya shagaltar da su. Nana A'isha (RA) ma, idan aka yi rasuwa a danginta, bayan mata sun watse takan sa a dama talbina, wani abu mai kama da kunu, saboda tana sanyaya zuciyar mai baƙin ciki. Kula da rai a wancan gida ya haɗa da tukunya da zama kusa da mutum, tare da addu'a.

Fiƙihu ma iyali ya fara ɗora wa nauyin. Wanda hankalinsa ya gushe an ɗauke masa alƙalami, an naɗa masa waliyyi mai tsare masa dukiya. A mazhabar Malikiyya da muke bi, hauka yana cikin aibobin da ke bai wa miji ko mata zaɓin rabuwa, amma Mukhtasar na Shaihu Khalil ya zo da cewa a jinkirta shekara guda. Wato shari'a ta ɗauke shi ciwo ne da ake sa ran warkewarsa, ta kuma bai wa auren damar jira. Baturen tarihi Michael Dols, a littafinsa Majnun na 1992, ya nuna cewa a garuruwan Musulmi na wancan lokaci gida ne ke riƙe da yawancin masu taɓin hankali, asibiti na wanda ya fi ƙarfin iyalinsa ne ko wanda ba shi da kowa.

Asibitocin kuwa, waɗanda ake kira bimaristan, waƙafi ne ke ɗaukar nauyinsu. Ahmad bin Ɗulun ya gina ɗaya a Masar wajen 872, Nuruddin ya gina na Dimashƙa a 1154, Sarki Ƙalawun ya gina na Alƙahira a 1284, sai na Argun a Halab a 1354, mai ƙananan ɗakuna kewaye da tsakar gida da maɓuɓɓugar ruwa. Kada dai mu ƙawata tarihi fiye da yadda yake: a waɗannan wurare ma an ɗaure mutane da sarƙa. Al-Maƙrizi ya ba da labarin cewa Ibn Ɗulun yakan ziyarci asibitinsa duk Juma'a, har ranar da wani ɗaurarre ya roƙe shi rumman, da aka ba shi sai ya jefe shi da shi, daga nan sarki ya daina zuwa. Duk da haka, an ajiye su ne a gidan magani, ƙarƙashin likita, tare da sauran marasa lafiya.

Littafin Al-Balkhi ya daɗe a kwance cikin rubutun hannu a ɗakin karatu na Aya Sofiya da ke Istanbul, sai a 1984 Fuat Sezgin ya buga hotonsa a Jamus. Wanda ya fito da shi ga matasa shi ne Farfesa Malik Badri, masanin halayyar ɗan Adam ɗan ƙasar Sudan, Allah Ya jiƙansa, wanda ya rasu a 2021. Tun a 1979 ya rubuta littafi yana gargaɗin Musulmi masu wannan fanni da kada su haɗiye duk abin da aka zo da shi daga Yamma ba tacewa, musamman ra'ayoyin Freud, sannan a 2013 ya fassara kashi na biyu na littafin zuwa Turanci. Mutumin da ya fi kowa sukar kwaikwayon Turawa shi ne kuma ya nuna mana cewa jinyar rai da magana gadonmu ce.

A Nijeriya abin ya zo ta wata hanya dabam. Turawan mulkin mallaka sun buɗe gidan mahaukata a Yaba a 1907, suka kafa doka a 1916 wadda manufarta tsarewa ce, a wurare da dama ma kurkuku ne masaukin mara lafiya. Ba mamaki iyaye suka tsani abin, suka ɓoye nasu. A 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo ya gwada wata dabara a Aro kusa da Abekuta: mara lafiya ya sauka a gidajen mutanen ƙauye, ya riƙa zuwa asibiti da rana, da sharaɗin wani ɗan uwansa ya zauna tare da shi yana jinyarsa. Dokar tsarewar kuwa, wadda aka sabunta a 1958, ta ci gaba da aiki har zuwa Janairun 2023 da aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa.

A tsakanin nan iyalai da yawa sun rasa inda za su nufa, sai gidan mari. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka fitar da mutum fiye da 300 daga wani gida a Rigasa cikin Kaduna, wasunsu da mari a ƙafa, kuma da yawansu iyayensu ne suka kai su da hannunsu, suna neman a gyara musu 'ya'ya. A wannan garin na Kaduna, a unguwar Barnawa, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya, kamar yadda ake da irinsa a Kware da Maiduguri, ga kuma na Dawanau a Kano.