Daga Gora zuwa Inji: Tarihin Fito a Gulbin Rima

Gulbin Rima, wanda yake tattara ruwan Gagare da Bunsuru da Gulbin Maraɗi, ya gangaro ta ƙasar Goronyo da Wurno, ya haɗu da Gulbin Sakkwato, sa'an nan ya ratsa Argungu da Birnin Kebbi har ya faɗa Kwara, bai taɓa zama hanyar tijara mai ɗorewa ba, domin kuwa Allah cikin hikimarSa Ya yi shi gulbi mai hali biyu: da damina ya cika ya malale fadama, da rani kuwa ya janye ya bar rairayi. Saboda haka mutanen garuruwan da ke gaɓarsa ba su san gulbi da doguwar tafiya ba, ƙetarawa suka sani, wato fito. In ruwa ya kawo, mai fito ya ɗora kayan matafiyi a kan babbar gora ya tura ta da iyo, ko kuwa ya sa shi a kwalekwalen da aka sassaƙa daga itace guda, ya tuƙa da gwangwala. A da sha'anin kuma yana da shugabanni, don Sarkin Ruwa ne ke sanin mashigin da ya aminta da wanda ya ɓaci, kuma maganarsa hukunci ce.

Turawa ne suka zo da wani tunani dabam. A shekarar 1824 Kyaftin Kilafatan ya sauka Sakkwato, babban muradinsa shi ne ya san inda Kwara ta nufa, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, Allah Ya jiƙansa, ya karɓe shi da karamci, har aka zana masa taswirar ƙasa, amma bai sake masa hanyar Yawuri ba. Masana sun yi saɓani a kan dalili. Mu dai a ganinmu basirar mai mulki ce, wanda ya fahimci cewa kogin da ya ɗauko ɗan kasuwa yana iya ɗauko mayaƙi. Bello ya rasu a ribaɗinsa na Wurno a 1837, daidai da 1253 bayan Hijira, shekara bakwai bayan wasu Turawa 'yan'uwa biyu, su Landa, sun bi Kwara daga Busa har teku. A 1854 Likita Baiki ya shigo da jirgi mai tururi ya haura Binuwai, daga bisani kuma jiragen Kamfanin Neja, wanda Ingila ta ba izinin mulki a 1886, suka riƙa kai da komo. Sai dai duwatsun Busa, inda Mungo Park ya halaka a 1806, sun tsaya musu a gaba, ba su bar babban jirgi ya haura zuwa ƙasar Kabi ba. Da dogo ya iso Kano a 1911, ya kai Ƙauran Namoda a 1929, sai gyaɗa da auduga da ƙiraga suka bi jirgin ƙasa, aka bar kogi da masunta.

Bayan samun 'yancin kai aka farfaɗo da tsohon burin bin Kwara da jirage. An fara gina madatsar ruwa ta Kainji a 1964, aka gama a 1968, tafkin ya shanye tsohuwar Busa da duwatsunta, aka tashi mutane fiye da 40,000 daga gidajensu. Magina ba su manta da jirage ba, sai suka yi musu wani ɗaki mai ƙofa a gaba da baya: jirgi ya shiga daga ƙasa, a rufe ƙofar baya, a sako ruwan tafki sannu a hankali har ɗakin ya cika, jirgin ya taso kamar ƙwarya a cikin randar da ake zuba wa ruwa, sa'an nan a buɗe ƙofar gaba ya fita bisa tafki, in saukowa zai yi, sai a zubar da ruwan. Manufar ita ce kaya su taso daga teku su iso Yelwa, har su zarce zuwa Jamhuriyar Nijar. Dabara ce mai ban sha'awa, amma fataucin da aka yi wa wannan tanadi bai zo yadda aka zata ba, domin motar kaya da kwalta sun riga shi.

Da aka waiwayo Rima, maslahar noma aka duba, ba ta sufuri ba. Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima ta gina madatsar Bakolori a 1978, sa'an nan madatsar Goronyo, wadda aka kammala a 1984 aka buɗe a 1992, tsawonta ya haura kilomita 12, tana ɗaukar ruwa kimanin kubik mita miliyan 942. Ba a yi mata mashigar jirgi ba. Amma ta sauya ɗabi'ar gulbin, don ruwan da a da yake tafiya da damina yanzu ya zauna, manomin shinkafa da albasa da tafarnuwa ya sami na rani, kuma faɗin da ake ƙetarawa ya fi ƙarfin gora. A nan ne inji ya shigo, ba a jikin jirgin ƙarfe na gwamnati ba, a'a, a bayan jirgin katako, ɗan ƙaramin injin fetur da ake ɗaurawa a cire, wanda ya gajarta tafiyar wuni, ya kuma jawo kwaɗayin lodi, har a haɗa mutane da babura da buhuna a jirgi guda ranar kasuwa.

Sakamakon bai ɓoyu ba. A watan Mayu na 2021 jirgi ya kife kusa da Wara a Jihar Kebbi da mutane fiye da ɗari, a watan Agusta na 2025 kuma wani ya kife da masu zuwa kasuwar Goronyo, Allah Ya gafarta musu. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, wadda aka kafa a 1997, hedikwatarta tana Lakwaja, nesa da Rima ƙwarai. Muna roƙon hakimai da ƙananan hukumomin Goronyo da Wurno da Rabah su mayar wa Sarakunan Ruwa ikon ƙayyade lodi a kowane mashigi, su kuma wajabta rigar ruwa ga duk wanda zai shiga jirgi.