Tawadar Baƙin Ƙarfe: Tarihin Rubutun da Ke Cin Takardarsa

Fiye da shekara dubu, mafi yawan abin da aka rubuta a Turai da wani babban sashe na ƙasashen Musulmi an rubuta shi ne da tawadar da ke samun baƙinta daga narkakken baƙin ƙarfe. Kayan haɗinta huɗu ne, wato ruwa, da ƙaro, da wani koren gishirin ƙarfe da Larabawa ke kira zaj, da kuma afs, wanda shi ne ƙullutun da ke fitowa a reshen itacen ballut idan wani ƙaramin ƙwaro dangin zanzaro ya saka ƙwansa a ciki. Afs ɗin birnin Halab na ƙasar Sham shi ya fi daraja a kasuwa, kuma fatake sun fi son wanda aka tsinko kafin ƙwaron ya huda ya fice, domin mai huji ya riga ya rasa wani kaso na ƙarfinsa. Littafin Umdatul Kuttab, wanda ake jinginawa ga Mu'izzu ɗan Badis, sarkin yankin Tunisiya da ya rasu a 1062, ya ware wannan tawada da sunan hibr, ya bambanta ta da midad, tawadar baƙin hayaƙi.

Wannan bambanci yana da tushe a aikace. Tawadar gawayi da ƙaro, irin wadda almajiri ke rubutu da ita a allo, kwanciya take yi a saman abin da aka rubuta, shi ya sa ruwa ke wanke ta. Ta ƙarfe kuwa tana sauka daga alƙalami fara-fara kamar ruwan shayi marar kauri, ta ratsa cikin takarda ko fata, sannan a cikin 'yan kwanaki ta yi baƙi ƙirin ta kama, ta yadda ba a iya goge ta sai an kankare wurin da wuƙa, abin da ya sa alƙalai da ma'aikatan gwamnati suka amince da ita wajen rubuta takardun shaida. Dukawan ƙasar Hausa ma sun san wannan haɗuwa ta wata hanyar, domin kuloko, ruwan ƙarfen da suke shafawa a fatar da aka jeme da bagaruwa, yana baƙanta ta ne saboda sinadarin tanin da bagaruwa ta bari a jikinta, kuma shi ne dai sinadarin da ke cikin afs.

Bayanin abin da ke faruwa ya zo a makare ƙwarai. A 1786 Carl Scheele na ƙasar Suwidin ya tace asid ɗin galik daga afs, amma sai a 1893 Alfred Werner ya bayyana a birnin Zurik yadda ƙwayar ƙarfe ke zama a tsakiya wasu ƙwayoyi su kewaye ta, sannan a 1920 Gilbert Morgan da Harry Drew suka ari kalmar Girkanci mai ma'anar farcen ƙaguwa suka raɗa wa sinadaran da ke damƙe ƙarfe ta wuri biyu ko fiye suna kilet. Tanin da asid ɗin galik irin waɗannan madamƙa ne. Ƙarfen da ke cikin zaj mai caji biyu ne, kuma haɗinsa da madamƙi yana narkewa a ruwa ba tare da launi mai ƙarfi ba, amma da zarar iskar oksijin ta fizge masa elektiron ɗaya, wato ƙwayar lantarki, sai ya koma mai caji uku, haɗin ya yi duhu ya daina narkewa.

Wata hanyar auna irin wannan sauyi ta samu ne bayan da Jaroslav Heyrovský ya ƙirƙiro, a birnin Prag a 1922, dabarar tura lantarki cikin ruwan gwaji ta ɗigon zaiba, aikin da ya jawo masa kyautar Nobel a 1959. Irin waɗannan awo sun nuna cewa madamƙi yana sauya halin ƙarfe matuƙa: ƙarfin turin da ke tsakanin mai caji uku da mai caji biyu bolt 0.77 ne a ruwa mai tsami, amma yakan sauka kusa da 0.1 idan aka sa EDTA, madamƙin da Ferdinand Münz ya haɗa a Jamus a 1935, ya kuma haura bolt 1 idan aka sa wani madamƙin mai suna fenantirolin.

Aibin tawadar ya fito ne daga wannan sauƙin juyawa. Masu haɗa ta sukan cika hannu da zaj don neman baƙi da wuri, ragowar ƙarfen da bai sami madamƙi ba kuwa sai ya zauna a takarda yana kai da komo tsakanin halayensa biyu, yana haifar da ƙwayoyi masu tsinka zaren takarda ta hanyar da Henry Fenton ya fara lura da ita a Kambirij a 1894, ga kuma asid ɗin farar wuta da haɗin ke saki tun farko. A tsofaffin kundaye akan ga harafi ya yi inuwa ruwan ƙasa, ya ɓullo ta bayan shafi, daga baya ya zube ya bar huji mai siffarsa, kuma wasu rubuce-rubucen kiɗa na Johann Sebastian Bach sun gamu da wannan ɓarna. A 1995 Johan Neevel na ƙasar Holan ya gabatar da magani, wato jiƙa shafin a ruwan fitet, wani madamƙi da ake samu a dusar hatsi, wanda ke rufe ƙarfen ya hana shi wannan aiki, sannan a bi da ruwan sinadarin alli don kashe tsamin, ko da yake masu gyaran littattafai ba sa gaggawar yin haka ga kowane kundi, tun da ruwan kansa yana iya tsinka shafin da ya riga ya rube.